Ƙofa Biyu da Dutsen Niƙan Iya Kulu

A damunar 1977 babu mazaunin Gaya da zai ce bai san motar Lurwanu malamin gona ba. Wanda bai gan ta ba, ya ji ta. Ja ce wur, mai dogon hanci da gajeren baya, ƙofofinta biyu kacal. Hannun wani Bature mai aikin rijiyoyi ya saye ta, lokacin da Baturen zai koma ƙasarsu. Ranar da ta shigo gari lafiyarta ƙalau, tana tafe shiru kamar mai jin kunya. Abin da ya same ta daga baya kuwa, Lurwanu ne da abokinsa Badaru bakanike suka yi mata shi da hannunsu.

Lurwanu mutum ne mai karance-karance. Duk sanda ya shiga Kano sai ya dawo da tsofaffin mujallun motoci na Turai, ya baje su a kan bonet a garejin Badaru da ke bayan tasha. Shi yana fassarawa, Badaru yana goge hannu da tsumma yana leƙen hotuna.

"Ka ga wannan? Kafireto biyu suka sa mata," in ji Lurwanu. "Wannan na ba injin mai, wancan ma na ba shi mai."

"Wato cin tuwo da hannu biyu," in ji Badaru. "Babu ladabi, amma akwai sauri. Mu sa mata."

Suka sa mata. Suka datse salansa suka jona mata wani bututu mai faɗin baki, har ta koma in ta yi gurnani sai awakin bayan tasha su watse. Suka rage sifirin ɗin gaba hancinta ya duƙa, suka ɗaga bayanta sama kamar zakara zai yi faɗa. Lurwanu ya samo faffaɗan tayoyi a Sabon Gari aka ɗaura a baya, domin irin waɗannan motocin injin na gaba ne, amma tayoyin baya ke tura su. Badaru ya ce ƙarfinta duk a ƙafar baya yake, kamar jaki mai harbi.

Sai aka zo kan nauyi. Wata mujalla ta ce babu abin da ke kashe gudu kamar nauyi, Lurwanu kuwa ya ɗauki maganar kamar karatun allo. Ya fitar da tayar ko-ta-kwana daga but. Ya yaye shimfiɗar ƙasa. A ƙarshe ya tsaya yana kallon kujerar baya.

"Wa ke zama a nan?" ya tambaya.

"Ba kowa, sai ƙura."

Suka kwance ta. Badaru ya jingina ta da bangon gareji, ta zama wurin zaman masu jiran gyara da masu hira. Ranar da suka gwada motar a kan kwaltar Wudil, Badaru ya riƙe hularsa da hannu biyu yana salati, Lurwanu kuwa ya ji wani abu ya cika masa ƙirji har idonsa ya kawo ruwa. Abu ɗaya ne a duniya ke sa shi jin haka ban da motar, kuma a Toranke yake.

Sunanta Shafa'atu. Malama ce a sabuwar firamaren Toranke, can gaba da Ajingi. Sun haɗu ne ranar da ya je nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani, ta tsaya daga gefe da littattafai a ƙirji, ta gyara masa lissafin kadada cikin murya ƙasa-ƙasa yadda babu wanda ya ji sai shi. Tun daga ranar, gonakin Toranke suka zama gonakin da suka fi kowaɗanne buƙatar malamin gona a duk ƙasar Gaya.

Ita ma tana sonsa, ta faɗa masa. Mahaifinta Malam Haruna bai ƙi ba. Amma Shafa'atu a hannun kakarta Iya Kulu ta tashi tun daga yaye, Malam Haruna kuwa ya ce shi ba ya tsallake maganar mahaifiyarsa: ranar da Iya ta ce a turo manya, a turo. Iya Kulu ta yi wata da watanni ba ta ce ba.

Wata la'asar yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, Shafa'atu ta fito tana danne dariya da gefen mayafi.

"Malam, na gano abin da ke tsakaninka da Iya."

Ya gyara zama. "Me na yi?"

"Ba kai ba ne, motarka ce. Ranar nan ta leƙo ta zagaya ta. Ta ce duk motar da ta taɓa gani ƙofarta huɗu, taka biyu. Ta ce mutumin da ya zaɓi mai ƙofa biyu, ɗaya tasa ɗaya ta matarsa, to dangi ta ina za su shiga?"

"Haba! Ai haka ake ƙera su, Shafa. Kujerar gaba ake kwantarwa a shige baya."

"Na faɗa mata. Sai ta leƙa ta gilas, ta ce bayan me? Ita dai ƙarfe ta gani."

Lurwanu ya sosa ƙeya.

"Ga dama ta zo maka," in ji Shafa'atu. "Yaya Larai ta sauka a Gaya, ranar Alhamis suna. Iya ta ce ka zo ka kai ta. Don Allah, Malam, ka mai da kujerar nan."

Ya amsa da to. Da gaske kuma ya yi niyya. Amma da ya je gareji ya tarar da dattijai biyu a kanta suna hira, Badaru kuma ya ja shi gefe.

"Mutumina, tsohuwa ɗaya za ka ɗauko, ga kujerar gaba mai laushi. Me za ka yi da ta baya? Ka nuna mata abin da ba ta taɓa gani ba. Ta hau a Toranke, kafin ta gama gyara ɗaurin ɗankwali ta gan ta a Gaya. Wallahi a ranar za ta ce ka turo."

Maganar ta shige shi. Ya hango Iya Kulu tana saukowa a ƙofar gidan suna tana tafa hannu don mamaki. Bai tsaya ya tuna ba, shi da aka haifa a ƙasar nan, cewa babu tsohuwar da ke zuwa sunan tattaɓa-kunnenta ita kaɗai hannu na dukan cinya.

Ranar Alhamis da hantsi ya iso Toranke, motar na sheƙi, an yi ruwa jiya ƙasa ta yi luf. Da ya karya kwanar gidan sai ƙafarsa ta sauka daga totur da kanta. A ƙofar gida ga Iya Kulu, ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, da ƙwaryar fura rufe da faifai a hannu. Ga aminiyarta Hansai, mace mai jiki, wadda in ta zauna a tabarma sai kowa ya matsa. Ga Shafa'atu. Ga buhun gero na kunun maijego, ga ƙunshin kanwa da yaji, ga damin itacen wankan jego. A gaban komai kuma ga dutsen niƙa baƙi, da ɗansa a kai.

Lurwanu ya durƙusa ya gaishe su.

"Lafiya lau, angona," in ji Iya Kulu, da irin wasan da kaka kan yi da manemin jikarta. "Buɗe mana. Dutsen nan na uwata ne, na yi wa Larai alkawarinsa tun haihuwarta ta fari."

Ya dubi dutsen, ya dubi Hansai, ya dubi motarsa. Da ya yi shiru ya loda, da an wuce wurin. Amma mujalla ce ta yi magana da bakinsa.

"Iya, ai ita wannan ba a yi ta don kaya ba. Nauyi yana kashe mata gudu. Kuma babu wurin zama a baya. Ga Tukur can zai tafi Ajingi da amalanke, a ɗora masa kayan, su Baba Hansai su bi shi, daga can su hau motar kasuwa. Ke kuwa yanzun nan za ki gan ki a Gaya."

Shafa'atu ta leƙa bayan motar, ta ga ƙarfe, ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Wannan kallon ya fi masa zafi da a ce zaginsa ta yi.

"To," in ji Iya Kulu. "Hansai, kin ji. Mu masu nauyi ne."

"Na ji, Kulu. Ni dama tun ina budurwa ake faɗa mini."

Aka ɗora kaya a amalanken Tukur, wani manomi maƙwabcinsu mai shanu biyu, Hansai da Shafa'atu suka hau. Iya ta shiga gaba, ta ɗora ƙwaryar a cinya. Lurwanu ya tayar da mota, gurnaninta ya tashi kajin unguwa, ya ce a ransa gudu zai wanke shi.

Da fari kamar zai wanke shi ɗin. Gero ya yi tsawo a gefen hanya, yana wucewa kore shar kamar ana jan zane. Ya saci kallon Iya. Ta rungume ƙwarya, ta rufe ido, bakinta na motsi.

Kafin a kai Ajingi akwai wani kwari da hanya ke gangarawa ta haye. Ruwan jiya ya janye, ya bar laka mai santsi a hawan. Lurwanu ya gangara, ya sa giya, ya take totur har ƙasa don ya haye da ƙarfi. Kafireto biyu suka amsa. Tayoyin baya suka juya, suka juya, bayan motar ya yi rawa dama ya yi rawa hagu, ta tsaya a tsakiyar hawan tana kuka. Ya koma baya ya sake takawa. Laka ta yi tsiri sama ta sauko a kan rufin. Motar ba ta matsa ko taki ba.

Iya Kulu ta buɗe ido. Ta dubi dama, ta dubi hagu.

"Ikon Allah," ta ce. "Gaya ta canza."

Wasu manoma da ke noman maimai a kusa suka ajiye fartanya suka zo turi. Duk sanda suka sa kafaɗa, sai Lurwanu ya take totur, sai tayoyin su yi musu wanka da laka. Bayan 'yan gwaje-gwaje babbansu ya share fuska ya ce, "Malam, takin da ka koya mana mun gode, amma wannan ba za mu iya ba." Suka koma gona suna dariya.

Rana ta ɗaga. Lurwanu ya tuɓe takalmi, ya tona gaban tayoyin da hannu, ya cusa ciyawa, tayoyin suka watsar da ita. Farar rigarsa ta koma kalar hanya. Can sai ya ji abin da yake tsoro: ƙarar ƙafar amalanke, da muryar Tukur yana yi wa shanunsa magana.

Amalanke ya gangaro a natse. Hansai na zaune a kan buhu kamar mai sarauta.

"A'a! Kulu, har kun dawo? Ya maijego?"

"Ba mu gan ta ba tukuna. Gudu ne ya yi mana yawa."

Tukur ya tsayar da shanu, ya sauko yana murmushi. "Malam, in ɗaura mata igiya? Shanun nan kafiretonsu ɗai-ɗai ne, amma suna hawa."

Lurwanu ya dubi shanun. A ja shi da shanu a gaban Iya, a gaban Shafa'atu? Ya hango labarin yana riga shi isa Gaya, yana riga shi komawa Toranke, ya hango Malam Haruna yana girgiza kai. Shafa'atu ta sauko daga amalanke, ta zo kusa da shi kamar mai duba taya.

"Kada ka yi fushi, Malam," ta ce a hankali. "Fushi take jira ta gani."

Kafin a yanke shawarar igiya sai iska ta kaɗa, mai sanyi, mai ƙamshin ruwa. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Iya Kulu ta leƙo kai ta taga.

"Tukur! Geron maijego zai jiƙe! Kai angona, motar taka in ba ta iya tafiya, ai tana da rufi. Ta yi mana aikin rumbu."

Babu mai musu da wannan. Lurwanu ya buɗe but, shi da Tukur suka cicciɓo dutsen niƙa suka sa, don Iya ta ce dutsen uwarta ba ya kwana a hanya. Suka cusa itacen wanka a gefensa. Aka kwantar da kujerar direba, aka tura buhun gero inda kujerar baya take a da. Yayyafi ya fara sauka.

"Hansai, shigo, sanyi zai tayar miki da ƙafa. Shafa'atu, ke ma."

Shigar Hansai ta ƙofar nan aiki ne da ya ci addu'a. Ta sa kai, ta sa kafaɗa, ta tsaya.

"Kulu, na maƙale. Wanda ya ƙera ƙofar nan bai taɓa ganin mace mai wadata ba."

"Saki numfashi. Shafa'atu, tura ta."

Da ta faɗa kan buhun, motar ta yi wani nishi, bayanta da ke ɗage ya sauko ya zauna daram. Shafa'atu ta shige ta rakuɓe gefenta. Lurwanu ya shiga ya rufe ƙofa, laka har gira, ya kifa goshi a kan sitiyari. Yayyafi na ƙwanƙwasa rufi. A ransa ya riga ya gama: ya rasa ta, kuma shi ya jawo.

"To zaman me muke?" in ji Iya Kulu. "Sake gwadawa, kafin ruwan ya sauko sosai. Amma ka ji ni da kyau. Furar nan ta maijego ce, na riƙe ta tun daga gida. In ka girgiza ni ɗigo ɗaya ya zuba, ka manta hanyar Toranke."

Ya tayar da mota ba don yana sa rai ba. Idonsa na kan ƙwaryar. Ya sa giya, ya saki kuloci a hankali, ya taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa kamar mai tsoron tashin jariri.

Motar ta motsa.

Bai yarda ba. Ya ƙara taɓawa kaɗan. Tayoyin baya, da dutse da gero da Hansai suka danne, suka kama ƙasa suka riƙe. Ta hau, ta hau, tana gurnani ƙasa-ƙasa, har hancinta ya leƙa saman kwarin ta fito kan tudu. Hansai ta rangaɗa guɗa da ta kusa fasa gilas. Tukur ya cire hula yana kaɗawa daga ƙasa, manoman gona suka ɗaga fartanya sama.

Lurwanu ya fashe da dariya, hawaye na bin lakar kumatunsa. Sai yanzu ya gane: tayoyin da ke tura motar su ya raba da duk abin da zai danne su. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Idanun Shafa'atu na ciki suna jiransa, suna dariya, kuma ya rantse daga baya cewa ko da motar ta tsaya a nan har abada, wannan kallon ya biya shi.

"Hanya, angona," in ji Iya. "Madubin ba ya guduwa."

Suka wuce Ajingi cikin ruwa, suka kama hanyar Gaya a hankali, tafiyar da bai taɓa yi da motar nan ba. Duk rami sai ya lallaɓa. Hansai ta ba da labarin ranar da ta fara shiga jirgin ƙasa, Iya ta ƙaryata rabinsa. Har Iya ta ɓare goro ta miƙa masa ɓari, ya karɓa da hannu biyu, motar ta ɗan karkace, ta ce ya riƙe abin tuƙinsa.

Ruwa ya ɗauke daidai shigarsu Gaya, bayan azahar, gidan suna ya cika da mata. Ƙarar salansa ta riga su isa. Kafin ya tsaya mata sun firfito ƙofar gida, har da maijego Larai tana leƙe daga zaure. Iya Kulu ta sauko a natse, ta ɗaga faifai ta duba furar. Ko ɗigo. Aka zaro Hansai, aka sauke gero, maza biyu suka ɗauki dutsen niƙa, mata na ta mamakin yadda duk wannan ya fito daga mota mai ƙofa biyu.

Lurwanu ya durƙusa a gefe, yana jiran hukunci. Iya ta miƙa ƙwarya aka shiga da ita, sannan ta juyo.

"Na yi wa motar nan mummunan zato," ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ashe ita tana son dangi. Da aka hana ta su, ƙin tafiya ta yi. Mai ita ne ke buƙatar gyara."

Mata suka kwashe da dariya. Lurwanu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Amma ya tona laka da hannunsa bai zagi kowa ba, kuma bai zubar mini da fura ba. Kai, ina kujerar?"

"Tana gareji, Iya."

"Ka mai da ita. Ran da na gan ta a ciki da idona, ka turo manyanka wurin Haruna."

Shafa'atu ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida da sauri, Hansai ta sake sakin guɗa. Lurwanu ya miƙe, bakinsa ya kasa rufuwa.

"Iya, har salansar zan mayar mata da ta da. Za ta yi shiru, wallahi, ba za ki ƙara jin..."

"Wa ya aike ka?" Iya ta katse shi. Ta matso, ta rage murya. "Ka ga yadda suka fito kallona? Shekara nawa ina zuwa garin nan, ba wanda ya taɓa sanin na iso. Ƙarar ka bar ta."

Bai tsaya cin tuwon suna ba. Ya nufi bayan tasha da lakarsa da komai. Ya tarar da Badaru kwance a kan kujerar, ya rufe fuska da hula.

"Tashi."

Badaru ya ɗaga hula, ya dube shi sama da ƙasa. "Subhanallahi. Gudun ne ya yi haka? Me ta ce?"

"Ta ce ka tashi. Ɗauko sifana."

"Haba mutumina, kujerar nan ta saba da mu. Kuma nauyi fa? Ka manta abin da mujalla ta ce?"

Lurwanu ya riga ya kama gefe ɗaya yana ja, Badaru na kai.

"Kama can," ya ce. "Ita ma tayar ko-ta-kwana nemo ta. Gobe da sassafe zan mai da su Iya Toranke, kuma sai na bi ta kwarin nan."